Mayar da Baba Sale Rumfarsa

"Kat! Kat! Ya yi, wallahi ya yi!"

Tawfiq darakta ya diro daga kan buhun masara yana tafi. A tsakiyar kasuwar Karshi, Nazeer, jarumin fim ɗin, ya saki wuyan ɗan wasan da ya fito a ɓarawon akuya, ya miƙe yana kaɗe ƙasa daga shaddarsa, yana satar kallon 'yan matan da suka yi cincirindo a bakin rumfuna ko suna dubansa. Suna dubansa kuwa. Tun hantsi ake maimaita damben nan, don duk ɗaukar da aka yi sai Nazeer ya ce fuskarsa ba ta fito yadda yake so ba.

Safiyatu na tsaye a gefe, ta rungume rubutun fim ɗin a ƙirji. Ita ta rubuta shi, a ɗan lokacin da aikin ma'aikatarsu ta tarayya yake bar mata, kuma shi ne na farko da wani ya yarda ya zuba kuɗinsa a kai. Ba damben take kallo ba. Sama take kallo, inda hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ledojin da 'yan kasuwa suka yi rumfa da su.

Alhaji Ɗangoggo ya taso daga kujerar roba da aka ajiye masa a inuwa. Dillalin siminti ne da rodi a Dei-Dei. Shekarun nan da Abuja ke ta gini ba ƙaƙƙautawa kuɗi sun zauna masa, sai wani abokinsa ya raɗa masa cewa fim ma sana'a ce, shi ke nan ya wayi gari furodusa.

"To, madalla," in ji shi. "A naɗe kaya. Kaset ɗin duka su bi motar Nazeer zuwa Kano yau, gobe a fara tacewa."

Safiyatu ta sauke ido daga sama. Ta matso da sauri.

"Alhaji, saura fitowa ɗaya."

"Wace fitowa kuma? Ba an kama ɓarawo ba?"

"Ta mayar da Baba Sale rumfarsa."

Baba Sale ba ɗan fim ba ne. Mai doya ne, rumfarsa na bakin layin 'yan hatsi tun kafin kwalta ta iso garin. Safiyatu ce ta gan shi ranar da suka zo duba wuri, ta ga irin fuskar da take nema, dattijo mai furfura wanda ko shiru ya yi sai ka ji tausayinsa. Ta yi ta lallashinsa ya fito a Malam Yawale, mutumin da za a yi wa ƙazafin satar akuya, a ja shi a kasuwa, daga baya gaskiya ta yi halinta. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu kafin ya ce, "A ƙarshe za a wanke ni?" Ta ce, "A gaban kowa, Baba. Na yi maka alkawari."

Ranar da aka ɗauki jan nasa tana ofis, shugabansu ya hana kowa fita. Tawfiq kuwa ya ɓullo da wata dabara da yake ganin ta gwanaye ce. Ya ɓoye kyamara a kan motar doya, bai gaya wa kowa a kasuwa cewa fim ake yi ba, wai yana son fuskokin mutane su fito da gaske. Aka yi ihun "Ɓarawo!" Fuskoki suka fito da gaske, hannaye ma haka. Kafin 'yan fim su shiga tsakani an yaga wa Baba Sale riga, wani mahauci ya kwaɗa masa mari, an ja shi tun daga rumfarsa har turken awaki. Daga baya Tawfiq ya hau benci ya yi ta bayani har muryarsa ta dushe, amma rabin kasuwa ta riga ta watse da labarin zuwa ƙauyuka. Waɗanda suka ji bayanin ma taɓe baki suka yi. Duk dattawan garin nan, me ya sa shi aka zaɓa? Gani ya kori ji.

"Malama Safiya," in ji Alhaji, yana gyara zaman babbar rigarsa, "ni ba ɗan boko ba ne, amma ina leƙa gidan kallo. Da zarar an kama mugu, kowa takalminsa yake nema. Wa zai zauna kallon ban haƙuri?"

"Gaskiyar Alhaji ce," Tawfiq ya sa baki. "An kai ƙololuwa. Daga nan sai a saki waƙa, a rubuta Alhamdu lillahi, kowa ya kama gabansa."

"Wanda ka hau da shi sama ai sai ka sauko da shi, Tawfiq. Kun kai mai kallo ƙololuwa kun janye tsani." Safiyatu ta ɗaga rubutun da ke hannunta. "Kama ɓarawo ai mai akuya ya biya. Shi wanda aka ja a ƙasa fa, wa ya biya shi? Mai kallo zai tashi da hotonsa a turken awaki, riga a yage. Abin da ido ya gani a ƙarshe shi yake tafiya gida da shi."

"Ai duk mai hankali ya gane ba shi ya ɗauka ba."

"Ganewa daban, wankewa daban."

Alhaji ya yi dariya, irin ta wanda ba ya son ja-in-ja da mace a gaban yaransa. "Kai, 'yan sakatariya da iya zance! Dubi sama, Malama. Ni na san ruwa, ya sha jiƙa mini siminti."

Wata mata ta ratso ta cikin 'yan fim ɗin, ta sha ɗamara da gyalenta. Zulai ce, matar Baba Sale. Ba ta dubi Alhaji ba, ba ta dubi darakta ba, Safiyatu ta nufa kai tsaye.

"Hajiya, na ga ana naɗe waya. Tafiya za ku yi?"

"Muna magana ne, Mama."

"Ki yi magana da kyau." Ta nuna da haɓa. "Ga shi can. Tun asuba ya sa farin riga yana jiranku. Tun ranar nan ko taya doyansa ba a yi. Jiya a masallaci ya ajiye takalmi, na kusa da shi ya ɗauke nasa ya shiga da shi a hammata. Mutumin da suka girma tare! Ya dawo gida ko tuwo bai taɓa ba."

Safiyatu ta waiga. Baba Sale na zaune a kan ɗan benci a bayan tulin doyarsa, ya ɗora hannaye a gwiwa, farar rigarsa ta sha guga. Mata masu cefane na zuwa daf da rumfar, sai su karkata su wuce ta gaba. Bai ɗaga kai ya kira kowa ba. Kunya ta kama Safiyatu har ta rasa inda za ta sa idonta, don da bakinta ta yi masa alkawarin nan.

Ta juyo. "Alhaji, kai ma ɗan kasuwa ne. A ce yau an ja ka a Dei-Dei daga shagonka har bakin titi ana ihun ɓarawo, gobe a zo a ce maka wasa ne, ka yi haƙuri. Wa zai ƙara ba ka ajiyar kaya?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Alhaji. Ya dubi Zulai, ya dubi sama, ya ja tsaki ƙasa-ƙasa.

"Sau ɗaya. Ɗauka ɗaya tak. In ɗigo ya taɓa ni, na shiga mota."

Ba ta tsaya godiya ba. Ta nufi Nazeer, wanda ya riga ya jingina da motarsa yana latsa sabuwar wayarsa ta hannu yadda kowa zai gani. Ta karanta masa fitowar a gurguje. Za a ɗauko dattijon daga turken awaki, a biyo da shi ta hanyar da aka ja shi, layi-layi, har rumfarsa. A can jarumi, wanda shi ya fara yi masa ƙazafin, zai cire hula ya durƙusa ya nemi gafara. Haka ta taso ta ji kakarta na faɗa a Zariya, cewa ta hanyar da aka kunyata mutum ta nan ake mayar da shi.

"Durƙusa?" Nazeer ya sauke wayar. "Anti, ni? A gaban mai doya? Kin san yadda ake kallona a Kano kuwa?"

"Na sani. Shi ya sa."

"Ban gane ba."

"Dambe kowa na yi, Nazeer. Wane jarumi ka taɓa gani ya cire hula ya zubar da hawaye a tsakiyar kasuwa? Kyamara a fuskarka za ta tsaya, kai kaɗai. Wannan fitowar mata za su riƙa mayar da kaset baya suna sake kallo."

Ya shafa gemunsa. Ya leƙa madubin motar.

"A ɓangaren dama za a ɗauke ni. Hagu ba ta yi mini kyau."

"Dama."

Tana juyawa ta ji an taɓa gefen mayafinta. Philip ne mai kyamara, ɗan Filato, mutum marar yawan magana. Ya ja ta bayan wata rumfar manja, yana zufa duk da iskar da ke kaɗawa.

"Madam, akwai matsala. Batir ya mutu."

"Sa ɗayan."

"Duka biyu. Damben nan ya shanye su. Na faɗa wa oga Tawfiq tun ɗazu, ya ce ai an gama." Ya juya mata kyamarar, ya danna, ba abin da ya motsa. "Janareta kuma Alhaji ya ce a bar shi a masauki, wai aikin rana ne. Kasuwan nan babu wuta."

Inna lillahi. Ta san Alhaji sarai, in ya ji wannan zai ce Allah ne bai nufa ba, ya shige mota. Nazeer kuwa ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai sa gwiwarsa a ƙasa don kyamarar da ba ta gani ba. Ta leƙa ta tsakanin jarkokin manja. An riga an taso da Baba Sale, Zulai na gyara masa wuyan riga. Labari ya zaga cewa 'yan fim za su sake wani abu da mai doya, mutane na ta barin rumfunansu suna tururuwa. Duk wanda ya ga an ja shi yana nan, yau, a wurin nan.

"Wa ya sani ban da Tawfiq?"

"Shi ma ya manta, ina ji. Murna yake yi."

"Ɗora ta a kafaɗa."

"Madam?"

"Ɗora ta a kafaɗa, Philip. Ka rufa mata leda, ka ce saboda yayyafi, kada a ga jar wutar ba ta kama ba. Ka bi su kamar kana ɗauka."

Ya zuba mata ido. "In Alhaji ya gane, ni da ke mun gama aiki a wurinsa."

"Ni na sa ka. Haka zan faɗa."

Philip ya dubi dattijon can nesa. Ya sunkuya ya tsinci wata baƙar leda a ƙasa, ya kaɗe ta.

Aka taru a turken awaki. Sarkin kasuwa na gaske, wanda Safiyatu ta roƙa tun da safe, ya tsaya a dama da Baba Sale da sandarsa. Ta matsa kusa da Nazeer ta ce a hankali, "In ka durƙusa, kada ka ce Malam Yawale. Ka ce Baba Sale."

"A fim ai Yawale ne."

"Za a gyara a wurin tacewa. Sunansa na gaskiya zai fi taɓa shi, fuskarsa ta ba ka abin da za ka yi kuka da shi."

Tawfiq ya ɗaga hannu. "Kowa shiru! Philip, ka shirya?"

"Na shirya, oga."

"Akshin!"

Suka taso. Sarkin kasuwa na gaba yana buga sanda a ƙasa, yana ɗaga murya: "Jama'a, wanda ya ga tafiya ya zo ya ga dawowa! Mutumin nan bai ɗauki akuyar kowa ba!" Baba Sale na biye, kansa a sunkuye, Nazeer na riƙe da hannunsa. Philip na tafiya da baya-baya a gabansu, ido ɗaya a manne da kyamarar da ba ta ganin komai, har yana ɗaga wa mutane hannu su kauce. Suka ratsa layin mahauta, suka shiga na masu tumatir. Aka yi tsawa, mata suka yi salati. Safiyatu na bin gefe, idonta na kan Tawfiq, don in ya matso ya ce zai leƙa hoton, asiri ya tonu. Sau ɗaya Tawfiq ya nufo Philip, ta yi wuf ta tare shi da tambayar inda sarkin kasuwa zai tsaya.

Ɗigon farko ya faɗo mata a goshi daidai lokacin da suka iso rumfar. Ta waiga ta ga Alhaji ya shafa wuyansa ya dubi tafin hannunsa. Bai tafi ba tukuna.

Aka zaunar da Baba Sale a bencinsa. Nazeer ya gyara tsayuwa yadda damarsa za ta fuskanci kyamara, ya cire hula, ya sauke gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, a cikin ƙasa da ɓawon doya. Kasuwa ta yi tsit. Wannan fa mutumin da hotonsa ke manne a shagunan aski ne.

"Baba Sale," in ji shi, murya na karkarwa yadda ya iya, "ni na fara nuna ka da yatsa. Na zalunce ka a gaban mutanen nan. Ka yafe mini don Allah."

A rubuce, dattijon zai ce, "Na yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Sun maimaita da shi har ya haddace. Ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Leɓensa na rawa, hawaye suka gangaro cikin furfurar gemunsa, ya sa hannun farar rigar yana sharewa, wasu na zubowa. Wannan ba ya cikin rubutu.

Sai ga wani ƙato ya ture mutane ya fito, riga duk jini, wuƙa a ɗaure a ƙugu. Mahaucin nan ne da ya yi marin. Ya tsaya a kan Baba Sale yana huci kamar wanda ya yi gudu, sannan ya zube a gefen Nazeer, ya kama ƙafar dattijon da hannu biyu.

"Baba, ni ba fim nake yi ba. Hannun nan ne ya mare ka. In ka ga dama ka rama."

"Philip!" Tawfiq ya yi raɗa mai ƙarfi, yana rawar jiki. "Kama shi! Kama wannan! Wallahi mun gama da kasuwar fim ta bana!"

Philip ya juya matacciyar kyamararsa ya saita mahaucin, ya durƙusa ma don ya samu fuskar da kyau. Safiyatu ta toshe bakinta da mayafi. Ba ta taɓa rubuta abin da ya kai wannan ba, ba kuma za ta taɓa iyawa ba, ga shi yana wucewa ba mai riƙe shi.

Baba Sale ya ɗora hannu a kan mahaucin. "Tashi, ɗana," ya ce da ƙyar. "Ya wuce."

Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Kasuwa ta hargitse, kowa na jan buhu yana rufe kaya. Nazeer ya miƙe da gudu ya nufi Philip. "Mu gani! Mayar baya mu gani!"

"Batir ya mutu, oga," in ji Philip, ko ƙifta ido bai yi ba.

"Amma ka samu hawayen?"

"Na gan shi da idona."

Nazeer ya ruga mota yana kare kai da hula. Safiyatu ta fake a rumfar doyar. Wata mata da ruwa ya koro ta tsaya tana juya wata ƙatuwar doya, ta ce, "Baba, nawa wannan?" Zulai ta yi caraf ta karɓi cinikin, muryarta har layin gaba.

Baba Sale ya kamo gefen mayafin Safiyatu, ya saki da sauri don kunya. Idonsa ja, amma fuskar ta saki.

"'Yata, Allah Ya yi miki albarka. Kin cika magana." Ya matso da bencin. "Yaushe kaset zai fito? Ina da 'ya tana aure a Paikon Kore. Labarin ya kai can, dangin mijinta suna ta yi mata gori. Su ba su zo kasuwa yau ba. In ya fito zan saya in aika musu, su zauna su kalla har ƙarshe. Wannan na ƙarshen nake so su gani."

Ruwa na dukan kwanon rumfar. Safiyatu ta kawar da kai. Kaset zai fito, zai shiga Paikon Kore da duk ƙauyen da ke da bidiyo da janareta, a ga an yaga masa riga, a ga marin, a ga turken awaki. Daga nan sai dambe, sai waƙa.

"Zan zo in gaya maka da kaina, Baba," ta ce.

Ta ratsa ruwan zuwa bas ɗin 'yan fim. Philip na ciki shi kaɗai, yana jera kaset-kaset a jakar da za a miƙa wa direban Nazeer.

"Wanne ne na ranar da aka ja shi?"

Bai tambaye ta dalili ba. Ya bi su da yatsa, ya zaro ɗaya ya miƙa mata, ya zuge jakar, ya fita da ita cikin ruwa.

A motar Alhaji ta zauna a baya, jiƙe sharkaf, jakarta a kan cinya da kaset ɗin a ciki, ta danne ta da hannu biyu. Ba za a iya haɗa fim ɗin ba sai da abin da ke cikinta, kuma gobe war haka mai tacewa a Kano zai bugo waya. Ba za ta sake shi ba sai an koma Karshi an ɗauki ƙarshen nan da kyamara mai aiki. Alhaji na gaba, sai fara'a yake, yana ba direba labarin mahaucin kamar direban ba ya wurin.

"Malama Safiya, na sallama miki. Ashe ƙarshen nan shi ne fim ɗin! Ni kaina sai da na ji wani abu a maƙogwaro. Ko nawa aka kashe a kansa ai bai faɗi ba."

"Ka tabbata, Alhaji?"

"Wallahi kuwa."

Ta ƙara danne jakar. Motar ta hau kwalta, ta juya ta nufi Abuja.

"To, Alhaji," ta ce, "ranar kasuwa mai zuwa kana gari?"